Kunyar Ɗan Fari

Ni malamin makaranta ne. Shekara 21 ke nan ina riƙe da alli a makarantar ikilisiyarmu, a wani ƙauye na kudancin ƙasar Katsina. Ina koyar da lissafi, ina kuma koyar da Littafi Mai Tsarki ga 'yan aji biyar da shida. Labarin Ayuba na koyar da shi ya fi sau goma. Nakan zana raƙuma da tumaki a allo, in goge su ɗaya ɗaya, yara su yi tsit, sa'an nan in ce musu, "To, kun ga mai bangaskiya ke nan." In kaɗe hannuna, in koma gida in ci tuwo. A lokacin ina tsammani na san littafin nan. Amma jiki magayi.

'Yan'uwana cikin Almasihu, abin da zan faɗa muku ban taɓa faɗarsa a gaban jama'a ba. Uwargida ta yarda in rubuta, gama mun san ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Yadda abin ya fara

Mun yi aure a shekara ta 2004. A 2006 Allah ya ba mu ɗa namiji. Ku da kuka tashi a ƙasar Hausa kun san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kakanninmu sun karɓi bishara sun bar tsafi, amma wannan al'ada ta biyo mu har cikin majami'a. In zan kira shi sai in ce, "Kai, yaro." Ko da ya shigo ajina, in ina kiran rajista na zo kan sunansa, sai in ɗaga kai in dube shi, in sa alama, in wuce. Yara su yi ta murmushi.

Bai cika shekara biyu ba hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana kuka dare da rana. Tsofaffi suka ce sanyi ne, waɗansu suka ce shawara ce, domin idonsa ya yi rawaya. Da muka kai shi asibiti aka gwada jininsa, likita ya ce sikila ce, watau amosanin jini. Ya sa aka gwada namu mu ma. Ni AS, uwargida AS, yaro kuwa SS.

Bari in bayyana wannan kaɗan, gama rashin sani ya fi dare duhu. Sikila gadonta ake yi daga uba da uwa duka biyu. Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, sukan yi kwana 120 suna aiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa kullum jininsa a ƙarance yake. Sa'ad da suka toshe ƙananan jijiyoyi kuwa, sai ciwo ya tashi a ƙashi ko a ciki ko a ƙirji, irin ciwon da yake sa babban mutum birgima. Sanyi yakan tayar da shi, haka ma ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro. Mai AS lafiyarsa ƙalau, bai ma san yana ɗauke da kome ba. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Nakan kwatanta wa yara da tsakuwa huɗu a cikin hula, uku farare, ɗaya ja. Ka rufe ido ka ɗauka, ka mayar, ka sāke ɗauka. Fitowar ja a karo na fari ba ta hana ta fitowa a karo na uku.

Ni da nake koyar da wannan lissafi, ni ne na rufe ido a kansa. Ɗanmu na biyu yana ciki sa'ad da muka ji labarin, ya zo lafiyayye. A 2012 muka ce Allah zai tsare, muka haifi autarmu. Ita ma SS. Ku riƙe wannan, gama shi ne dutsen da ya danne ni daga baya.

Yaron nan ya tashi siriri, mai ƙwaƙwalwa, mai yawan tambaya. Ƙwallo ba ta yiwu masa ba, sai ya koma kiwon tantabaru. Da kansa ya jera musu tukwane a bayan rumbu. Ciwo ya sa ya maimaita aji sau biyu, shi ya sa yana da shekara 13 yana aji shida, a benci na biyu kusa da taga. In ya ci jarrabawa zuciyata takan cika, amma abin da yake ji daga bakina shi ne, "Ka ƙara ƙoƙari."

Daren Talata

A watan Janairu na 2020 hunturu ya yi tsanani. Ranar Jumma'a ya dawo da zazzaɓi, da dare ya ce ƙirjinsa. Gari na wayewa muka sa shi a tsakiya a kan babur, muka yi tafiyar kilomita 30 zuwa asibiti. Samarin ikilisiya suka zo suka ba da jini. Zumuntar mata suka ɗauki azumi. 'Yan ajina suka taru a majami'a ranar Lahadi da yamma, ba wanda ya sa su, suka yi ta addu'a. Ni kuwa na roƙi Allah kamar yadda ban taɓa roƙonsa ba. Na tuna masa da shekarun da na yi ina hidimarsa a kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Na ce ya ɗauke ni ya bar yaron.

Daren Litinin wayewar Talata, uwarsa ta gaji ta ɗan kishingiɗa, sai ya buɗe ido ya ce, "Baba, riƙe hannuna." Na riƙe. Ya ce, "Baba, yi mini addu'a." Na sunkuya na yi. Ko a can, da tsakar dare, ba kowa sai ni da shi da Allah, abin da na ce shi ne, "Ya Ubangiji, ka dubi yaron nan." Kafin asuba ya cika.

A wurin jana'iza ban zubar da hawaye ba. Na tsaya a bakin kabari ina karɓar gaisuwa, ina cewa, "Nufin Allah ne, mun gode." Mutane suka yi ta cewa, "Kai, Malam ya cika mai bangaskiya." Na karɓi yabon nan. Allah ya sani, ba bangaskiya ba ce ta tsayar da ni ran nan. Kunya ce da taurin zuciya.

Watannin duhu

Masu ta'aziyya sun zo, Allah ya sāka musu. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo sun zauna da mu kwana uku, waɗansu da hatsi, waɗansu da itace. Amma a cikin maganganun da na ji akwai masu nauyi. Wani ya ce Allah ya fi ni son yaron. Wani ɗan'uwa a ikilisiya ya ja ni gefe ya ce in binciki kaina, ko akwai zunubin da ban tuba ba. Wani kawuna ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, mayu ne, ya san wani boka da zai tsare mana auta. Wata gwaggo kuma ta ce a gaban uwargida, wai jininta ne bai dace da gidanmu ba.

Na ƙi zuwa wurin boka, amma kada ku yabe ni. Ƙin zuwa wurin boka abu ɗaya ne, zuwa wurin Allah kuma wani abu ne dabam. Na daina addu'a. Da safe nakan tara iyali in karanta sura, in faɗi kalmomin da bakina ya saba, zuciyata kuwa tana can wani wuri. Ranar Lahadi ina kan bencin dattawa da Littafi a hannu. Da dare in kwanta in yi ta lissafi: da mun gwada jini, da mun tafi asibiti tun daren Jumma'a, da ban bar shi ya fita da sassafe wurin tantabaru ba. Da na sani ƙeya ce. In auta ta yi tari sai gabana ya faɗi, in ce a raina, "Ita ma za ka ɗauke ta ke nan?" Wannan ce kaɗai maganar da nake yi da Allah.

Wata rana a watan Fabrairu ina cikin darasi, wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kai ka koya mana in mun roƙa za a ba mu. Mun roƙa, dukanmu. Me ya sa ya mutu?" Ajin ya yi shiru. Na dubi benci na biyu kusa da taga. Sai na daka mata tsawa na ce ta buɗe littafinta. Yarinyar ta sunkuyar da kai. A shekarun koyarwata ban yi abin da ya fi wannan ba ni kunya ba.

A ƙarshen watan Maris na shekarar aka rufe makarantu saboda annobar korona. Dā aiki ne maɓoyata, yanzu ga ni a gida wuni zubur, ni da uwargida, muna zagaye juna kamar baƙi. Ita ta yi kukanta a ɗaki, ni in fita in watsa wa tantabaru dawa.

Tsohuwa da kwaryar gyaɗa

Akwai wata tsohuwa a ikilisiyarmu, gwauruwa, ta yi shekaru tana jagorar zumuntar mata. Ta haifi takwas, ta binne biyar, har a ƙuruciyarta ana ce mata mai wabi. Tun ranar jana'iza kusan kullum sai ta zo da kwaryar gyaɗarta, ta zauna kusa da uwargida suna ɓara. Ba ta wa'azi, ba ta ba da shawara. Wani lokaci har ta tashi ba ta ce kome ba sai sallama.

Ran nan, farkon damina, ta kira ni. Ta ce, "Malam, ɗana, zo ka zauna." Na zauna. Ta ce, "Mutane suna yabonka. Ni ban yaba ba. Na binne biyar, na san fuskar mai haƙuri, na kuma san fuskar wanda ya haɗiye garwashi. Wa ya hana ka kuka? Yesu ne ko kunya?"

Na rasa amsa. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba. Ɗauko Littafin ka karanta mini labarin Li'azaru."

Na buɗe Yahaya sura 11. Na karanta yadda Marta da Maryamu suka aika wa Ubangiji, ya kuwa ƙara kwana biyu a inda yake. Na karanta yadda kowacce ta tarye shi da magana ɗaya, cewa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Ban taɓa lura ba sai ran nan cewa ƙorafi ne suka yi masa ido da ido, bai kuwa tsauta musu ba. Da na kai aya ta 35, inda hawaye suka zubo wa Ubangiji kansa, sai muryata ta tsaya. Tsohuwa ta ce, "Ya san zai tashe shi, ko bai sani ba?" Na ce, "Ya sani, Iya." Ta ce, "To, ya sani, ya kuma yi kuka a gaban jama'a. Kai ka fi shi bangaskiya ne?"

Na ajiye Littafin na zagaya bayan rumbu. A can, a gaban tukwanen tantabaru, na buɗe baki na kira sunan ɗana. Karo na fari ke nan tun ranar da aka raɗa masa shi. Na kira, na sāke kira, na durƙusa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Uwargida ta ji ta zo ta durƙusa kusa da ni.

Daren nan muka yi maganar da muka yi wata biyar muna gudu. Ta ce, "Baban yara, na zaci abin bai dame ka ba. Na zaci kai ma kana ganin jinina ne ya kashe shi." Na ce, "Jininmu ne mu biyu, ni kuwa na fi ki sanin lissafin." Muka karanta Yahaya sura 9, inda almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora wa mutumin ko iyayensa. Inda muka yi ganganci muka roƙi gafara, muka gaskata an gafarta mana. Abin da ba laifinmu ba ne kuma muka sauke shi. Muka yi addu'a tare, gajeriya, rabinta kuka ne.

Abin da na gani da na sāke karatu

Kada wani ya zaci daga ran nan kome ya warware. Abin da ya sāke shi ne na koma yi wa Allah magana, ko da maganar ƙorafi ce. Na kuma koma kan Littafi Mai Tsarki kamar ɗan aji ɗaya.

Na tarar dā rabin labarin Ayuba nake koyarwa. Nakan tsaya a sura 2 in yi tsalle zuwa sura 42. A tsakani kuwa akwai mutumin da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta neman Allah ya fito su yi shari'a. Abokansa uku sun kyauta sa'ad da suka zauna da shi kwana bakwai ba magana. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata. A ƙarshe su Allah ya tsauta wa, ya ce Ayuba ne ya faɗi gaskiya a kansa. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Allah ya zo ya yi magana da shi, wannan ya ishe shi.

Na tarar da Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko ɗan haske a ƙarshenta, duk da haka tana cikin Maganar Allah. Na tarar Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, ba a cire ba, aka ba shi alheri. Ubangiji Yesu ma sau uku ya roƙa a Getsamani, aka kuwa gicciye shi. Ashe ba a kan yarana aka fara jin "a'a" daga sama ba.

Abu ɗaya kuma ya soke ni ƙwarai. Allah Uba bai yi kunyar Ɗansa ba. A bakin Kogin Urdun, a gaban taro, ya yi magana daga sama ya shaida ƙaunarsa gare shi (Matiyu 3:17). Wannan Uba ne kuma ya ga mutuwar Ɗan nan, ya tashe shi a rana ta uku. Saboda haka in na kai masa kukana, ina kai wa wanda ya san abin ne. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya dai ce kada nasu ya zama irin na marasa bege. Ina baƙin ciki har yau. Ina kuma sa zuciya zan ga ɗana da jikin da ba ciwo a cikinsa.

Na kuma tuna ba mu ne farkon Hausawa masu bi da suka binne 'ya'yansu ba. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka sadu da Likita Miller a Zariya, suka karɓi bishara, daga baya suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, har ya watse. Mai kallo zai ce Allah ya yashe su. Amma waɗanda suka tsira sun riƙe bangaskiyarsu, suna cikin tushen jama'ar da ta zauna a Wusasa daga 1929. A 1932 kuma aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bangaskiyar da muka gāda ta bi ta kan kaburbura kafin ta iso gare mu.

Da aka buɗe makarantu a ƙarshen shekarar, na kira yarinyar nan a gaban aji na roƙe ta gafara. Na ce, "Tambayarki mai kyau ce. Amsata ita ce, Allah bai gaya mini dalili ba. Ya ji addu'arku, wannan na tabbata. Bai ba mu abin da muka roƙa ba, ni ma abin yana yi mini zafi. Amma na san wanda ɗana yake hannunsa." Sa'an nan na ɗauki tsohuwar rajista na karanta musu sunansa da bakina. Mun yi kuka tare, muka yi addu'a, muka shiga lissafi.

Roƙona gare ku

Samari da 'yan mata, ku gwada jininku tun magana ba ta yi nisa ba, tun kafin a kai kayan gaisuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, an kuma kiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila kowace shekara a ƙasar nan. Gwajin jini ba rashin bangaskiya ba ne. Allah da ya ba mu addu'a shi ya ba mu hankali. Fastoci da dattawa, ku taimake su da wannan tun da wuri.

Iyaye masu renon mai sikila, kada ku karai. Da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aiki, su yi iyali. A ba su ruwa da yawa, a rufe su da kyau da hunturu, su kwana cikin gidan sauro, su sha folik asid da sauran magungunan da likita ya rubuta. Akwai wani magani, haidiroksiyuriya, da yake rage tashin ciwon, ku tambayi likita a kansa. Zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, kada a jira gari ya waye.

Masu zuwa ta'aziyya, ku yi koyi da tsohuwar nan. Ku zo, ku zauna, ku kama aiki. Ku sāke zuwa bayan wata uku, sa'ad da tabarmi suka naɗe, kowa ya koma harkarsa. Kada ku yi wa Allah tafinta a abin da bai faɗa ba.

Ku kuma iyaye maza 'yan'uwana, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma kada ta hana ɗanka jin sunansa a bakinka, ko jin cewa kana murna da shi. Ni na jira har ya zama sai tantabaru ne suka ji.

Wanda yake cikin duhun nan yanzu, wanda addu'a ta ƙi fita daga bakinsa, ina roƙonka ka faɗa wa Allah abin da yake zuciyarka yadda yake, ko fushi ne. Ka nemi wani mai bi da ya riga ka shan wannan ruwa ka zauna kusa da shi.

Autarmu tana nan, tana makarantar sakandare. Wani wata lafiya, wani wata asibiti. Duk sa'ad da hunturu ya kama, tsoro yakan dawo mini, nakan kuwa kai shi inda na koyi kai shi. Ita ce take kula da tantabaru yanzu, sun ƙaru har mun ƙara tukwane. Kowace safiya kafin ta fita nakan kira ta da sunanta, in sa hannu a kanta in yi mata addu'a. Ku ma ku riƙa tunawa da mu a cikin addu'o'inku. Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki a cikinmu. Amin.